Maruru Mai Tafiya Ya Dawo: Inda Yake Ɓuya Da Yadda Za A Raba Shi Da Gida

Da wuya a sami ɗan kasuwar da ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Konni da Illela, ko Magarya da Maigatari, wanda bai taɓa yin maruru ba. Ciwo ne da jama'a ba su ɗauke shi bakin komai ba, har ma yakan zama abin zolaya idan ya fito wa mutum a mazauni aka ga yana zama da gefe guda cikin mota. Amma wanda abin ya sama ya san ba wasa ba ne. Ɗan dakon da ya fito masa a kafaɗa ko a ƙeya ya ajiye aiki na mako guda, ɗan kabu-kabun da ya fito masa a matse-matsi ba zai iya hawa babur ba, mai abincin sayarwa kuwa idan ya kama ta a hammata ko tuƙin tuwo sai an yi mata. Ga wanda cinikin yau shi ne cefanen gobe, rasa kasuwar Litinin da ta Juma'a a Maraɗi, ko ta Alhamis a Maigatari, ba ƙaramin giɓi ba ne.

Maruru ɗaya a shekara ba shi ya sa muka ɗauko wannan batu ba. Wanda masu sauraronmu a gidan rediyo suka fi yawan tambaya a kai shi ne mai tafiya ya dawo: wannan ya fashe ya warke, kafin wata ya kewayo wani ya ɓullo a cinya, daga nan sai ga shi ga uwargida, sai ga shi a kan yaro. A irin wannan hali ne ake cewa jinin mutum ya ɓaci, ko zafi ya yi masa yawa, ko a hana shi cin gyaɗa da ƙwai da mangwaro, wasu ma har su fara zargin an yi musu jifa saboda kasuwarsu ta buɗe. To, mu dai abin da za mu ce shi ne, gyaɗa da mangwaro an ɗora musu laifin da ba nasu ba. Mangwaro yana nuna ne a bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 zufa tana tsiyaya, kuma zufar da gugar tufafi su ne ke buɗe wa ciwon ƙofa.

Maruru ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci ke kira sitafilokokus, a taƙaice sitaf. Wani likitan fiɗa mai suna Alexander Ogston ne ya gano ta a garin Abadin na ƙasar Sikotilan a 1880, cikin mugunyar da ya ɗebo daga jikin marasa lafiya. Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da ita shi ne, ba daga nesa take zuwa ba. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a cikin hancinsa, lafiyarsa ƙalau, bai ma san da ita ba. Takan kuma zauna a hammata da matse-matsi da tsakanin ɗuwawu. Muddin fata na nan garau, ba ta yin komai. Amma kamar yadda Hausawa ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan yankan aska, cizon sauro da aka sosa, ƙurajen zufa, ƙazuwa, ko inda igiyar kaya da bakin buhu suka goge fata, duk ƙofa ce. Sai ƙwayar ta bi ramin gashi ta shiga, jiki ya tura mayaƙansa su kewaye ta, gawarwakinsu da nata su taru su zama mugunya. Wannan shi ne maruru.

Ke nan idan mutum ya sa yatsa a hanci sannan ya sosa ƙeyarsa, shi da kansa ya kai ta inda za ta yi ɓarna. Idan ya matse marurun ya goge hannu a riga, ya sake shuka ta. Shi ya sa ake warkewa a koma, domin an yi maganin ƙurjin da ake gani, an bar rumbun da iri yake.

Akwai kuma wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Wasu jinsunan sitaf suna fitar da wani dafi mai kashe mayaƙan jini, wanda aka sa masa sunan likitocin Ingila biyu da suka bayyana shi a 1932, Panton da Valentine. Masu wannan dafi su ne gwanayen kawo maruru mai girma, mai dawowa, mai zagaya gida. A Turai kaɗan ne daga cikin sitaf ke da shi. Amma wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda aka yi a manyan birane biyar na Afirka, cikinsu har da Yamai da Dakar da Yawunde, ya sami wannan dafi a fiye da rabin ƙwayoyin da aka auna. Saboda haka wanda maruru ke yawan dawo masa kada ya ɗauka shi kaɗai ne, kada kuma a ɗauka lalle ƙazami ne. Mutum mai wanka sau biyu a rana ma yana iya fama da shi.

Yanzu mu dubi rayuwar fatauci da idon basira. An taso da asuba an cushe mutum tara ko goma cikin mota, jiki na gugar jiki. An sauka gidan fatoma, an kwana a tabarma ko katifar da baƙi da dama suka kwana a kai cikin makon. An shiga gidan wanka na tasha, an karɓi soson da ke rataye a ƙusa, wanda bai bushe ba tun safe, da guntun sabulun da ya bi hannu ashirin. An zauna gaban wanzami ko mai askin inji, ya gama da wani ya ɗora maka. An sayi rigar gwanjo an zura ba a wanke ba. Ba muna cewa a daina fatauci ba ne, ko a ƙi gidan fatoma. Amma soso da tawul da reza kayan mutum ɗaya ne, kamar asuwaki. Babu mai aron asuwakin wani, to haka ya kamata soso ya zama. Soson roba da ɗan tawul da sabulu cikin leda ba za su ƙara wa jakar matafiyi nauyi ba, kuɗinsu kuma bai kai ribar da ake rasawa a kasuwa ɗaya ba.

Game da aski, a sa wanzami ya ɓare sabuwar reza a gaban idonka. Masu askin inji kuwa, goge bakin injin da burushi ba ya kashe komai, sai an wanke shi an sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda maruru ke yawan fito masa a ƙeya ko a gemu ya daina yin ƙwal-kwabo na ɗan lokaci, ya riƙa rage gashin kawai. Haka mata masu aske hammata, a rage da almakashi har fata ta huta. Wannan kiyayewa ta reza ba don maruru kaɗai ba ce, ciwon hanta da ƙanjamau ma suna bin aska.

To, idan ya riga ya fito fa? Ƙaramin maruru yakan nuna ya fashe da kansa. Abin da ke taimaka masa shi ne gashi: a tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, a ɗora na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Idan ya fashe a wanke da ruwa da sabulu, a rufe da bandeji, a ƙone ko a binne audugar da aka goge da ita, sannan a wanke hannu da sabulu. Tsumman gashin kuwa a tafasa shi kafin a sake amfani da shi. Rufewar nan tana da muhimmanci ƙwarai, don mugunyar da ta zuba a zanen gado ko tabarma ita ce ke kama na kusa.

Matsa shi tun bai nuna ba kuskure ne babba, domin maimakon mugunyar ta fito sai ta nutse cikin nama. Sakiya da ƙarfe mai zafi ko tsagawa da askar da ba a dafa ba, ko cusa masa toka, ƙasa, man birki ko garin kafso, duk ƙara wa ciwo ciwo ne. Idan ya yi girma ya tara ruwa, maganinsa na gaskiya shi ne a tsaga a fitar da mugunyar, amma a gidan likita, da kayan da aka dafa. Aiki ne na ƴan mintoci, kuma sauƙin da ake ji bayansa nan take ne.

Akwai wuri guda da ba a taɓawa ko kusa, wato daga karan hanci zuwa leɓen sama da gefen baki. Jijiyoyin jinin wannan wuri suna da hanya zuwa cikin ƙoƙon kai, kuma matse ƙurji a nan yana iya tura cutar can. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru rai ake nema a ceta. Haka nan a tafi asibiti ba tare da jiran ranar kasuwa ta wuce ba idan maruru ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko kumburin yana faɗaɗa, ko an ga jan layi yana bin hannu ko ƙafa, ko kaluluwa ta tashi, ko ya fito wa jariri, ko kuma kawuna da yawa sun haɗe wuri guda a ƙeya ko gadon baya.

Sai mu zo ga kafso, inda muke ganin an fi yin asarar kuɗi da lafiya. Babu kasuwar kan iyaka da ba a samun mai tallar magani da faifansa ko akwatinsa a ka, magungunan suna shan rana tun safe. Mai maruru zai tsaya ya sayi ampisilin ko amoksisilin guda huɗu, ko ja-da-rawayan nan na tetarasikilin, ya haɗiye biyu yau biyu gobe. Bayan kwana uku marurun ya fashe, sai a ce kafso ya yi aiki, alhali lokacin fashewarsa ne ya yi. Gaskiyar magana ita ce, magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata, shi ya sa fitar da ita ya fi komai. Bugu da ƙari, sitaf ta daɗe da gane lagon waɗannan magunguna. Abin mamaki, a kan ita wannan ƙwaya ce Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928, amma tun cikin shekarun 1940 ta fara bijire masa, yau kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na sitaf ba sa jin fenisilin, haka ampisilin da amoksisilin idan su kaɗai ne. A 1961 aka ba da rahoton wani jinsi a Ingila wanda ya bijire wa maganin da aka ƙera don maye gurbin fenisilin ɗin, kuma yanzu ya bazu a duniya, har da asibitocin Afirka ta Yamma. Duk lokacin da aka sha kafso biyu aka bari, ana kashe raunanan ƙwayoyi ne a bar masu taurin kai su gaji gidan. Idan ana bukatar maganin sha, likita ko majo ne zai zaɓa, a saya a farmasi, a kuma shanye adadin kwanakin da aka rubuta. Wanda marurunsa ke dawowa ya roƙi a ɗebi mugunyar a kai ɗakin awo idan akwai hali, don a san maganin da ƙwayar tasa ke ji.

Allurar bayan rumfa kuwa ita kanta tana haifar da ƙurji mai zurfi a ɗuwawu, wanda ya fi maruru wuyar warkewa.

Yanzu ga abin da ke raba gida da wannan ciwo, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Idan maruru ya dawo wa mutum sau biyu ko uku cikin ƴan watanni, ko yana zagaya mutanen gida, likitoci kan ba da shawarar a yi sharar ƙwayar daga maɓoyarta. Ana jira ƙurajen da ke jiki su warke tukuna. Sannan a riƙa shafa wani man shafawa mai suna mufirosin a cikin kowace ƙofar hanci, sau biyu ko uku a rana, har kwana biyar. A cikin waɗannan kwanaki a riƙa wanka da ruwan sabulun kuloheksidin, a cuɗa hammata da matse-matsi da kyau, a bar shi ya ɗan jima a jiki kafin a ɗauraye, a kiyaye ido da cikin kunne. Sharaɗin da ke sa abin ya yi aiki shi ne kowa a gidan ya yi a lokaci guda, maigida da matansa da yara da yaron shago da ke kwana a zaure, har da wanda bai taɓa yin maruru ba, domin sau da yawa mai ɗauke da ƙwayar ba shi ne mai ciwon ba. Idan mutum ɗaya ya yi, sauran za su mayar masa da ita cikin ƴan makonni.

A makon nan kuma a yi wa kayan gida taron dangi. Zannuwan gado, tawul, rigunan ciki da wanduna a wanke su da ruwan zafi da sabulu, a shanya a igiya cikin rana su bushe ƙayau, a goge da dutsen guga. Tsofaffin sosuna a zubar. Katifa da tabarma a fitar da su rana. A yanke farce. Man shafawa na gwangwani da kowa ke tsoma yatsa a ciki, shi ma a canza shi.

Inda ba a sami kuloheksidin ba, akwai hanyar ruwan jabel, wanda a tsallaken iyaka ake sayarwa da sunan Hypo ko Jik. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, cikin lita 4 na ruwa, a jiƙa jiki daga wuya zuwa ƙasa na kamar minti 10 zuwa 15, a ɗauraye da ruwa mai kyau, sau biyu a mako. Sai dai muna jan kunne a nan: ƙarfin jabel ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, balle wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a sayar ba takarda. A kai kwalbar wa ma'aikacin lafiya ya faɗi ma'auni, kada a zuba shi tsagwaronsa a fata ko a ciwo, kada a gauraya shi da wani sinadari, kada kuma a yi wa jariri. Wannan shara ba ta ba da tabbacin cewa an rabu har abada, ƙwayar tana iya dawowa bayan watanni, amma takan rage yawan fitowar ciwon sosai. Shi mufirosin ɗin ma ba a mayar da shi man kullum, don sitaf tana koyon bijire masa.

Idan an yi duk wannan maruru bai daina ba, ko kuma mutum ya haura shekara 40 ya ga abin ya fara masa rana tsaka, to a auna sukari. Sau da yawa maruru mai dawowa shi ne ɗan saƙon farko na ciwon sukari, musamman idan ana yawan jin ƙishirwa, ana tashi fitsari da dare, ana rama ba dalili. Awon ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai. Tun da masu karatunmu suna awo a ɓangarorin iyaka biyu, ga abin lura: a wannan gefe akan rubuta sakamakon da giram, a wancan kuma da miligiram ko milimol. Giram 1.26 a lita shi ne miligiram 126 a desilita, shi ne kuma milimol 7 a lita. Wanda awonsa ya kai haka ko ya wuce, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, yana da ciwon sukari, kuma marurunsa ba zai lafa ba sai sukarin ya sauka. Ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki ga yara, da ƙanjamau su ma suna raunana garkuwar jiki, awonsu kuma ba abin kunya ba ne.

Ga ƴan uwanmu mata, da masu sayar musu da kayan kwalliya, akwai maganar man bilicin. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da magani mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda ke sa fata ta yi siriri ta kuma kasa kare kanta. Mai shafa shi kullum tana gayyatar ƙuraje da makero da maruru, kuma ciwo a jikinta ba ya saurin warkewa.

Masu sayar da abinci kuma, nauyin da ke kansu ya fi na kowa. Mai fura da nono, mai tsire, mai kilishi ko mai dambu da ke da ƙurji a hannu yana iya zuba sitaf cikin abincin. Idan abincin ya jima cikin zafi sai ta saki wani dafi da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa, wanda ya ci kuwa cikin ƴan sa'o'i zai kama amai da murɗar ciki. A rufe ciwon da kyau, a bar wani ya riƙa damawa da zubawa har a warke.

Ba kuma duk abin da ya yi kama da maruru ne maruru ba. Direbobin manyan motoci da ke yini a zaune sukan yi wani ƙurji a saman tsagar ɗuwawu, mai fashewa ya rufe ya sake fashewa a wuri guda. Gashi ne ke nutsewa cikin fata ya yi rami, kuma sau da yawa sai an yi ƴar fiɗa ake rabuwa da shi. Akwai wani kuma mai kama hammata da matse-matsi da ƙarƙashin nono shekara da shekaru, yana barin tabo da ramuka masu tsiyaya. Wannan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma rashin wanka ke kawo shi ba, shan taba da ƙiba suna tsananta shi, likitan fata ne ke lura da shi. A wuraren da ke da laima, wani ƙuda yakan yi ƙwai a ƙasa ko a tufafin da aka shanya a ƙasa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kumburi mai ɗan rami a tsakiya, har mutum ya riƙa jin motsi. Shanya a igiya da guga suna maganin wannan.

Wanda ya fi haɗari shi ne na ƴan kara, wato dillalan dabbobi da mahauta da masu fatu da ƙiraga. Idan ƙurji ya fito a hannu ko wuya ko fuska, ya yi ƙaiƙayi amma ba ya zafi kamar maruru, gefensa ya kumbura sosai, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, to a yi zargin cutar saifa ta dabbobi, wadda aka sami ɓullarta a arewacin Gana da kuma Najeriya a 2023. Ana ɗaukar ta daga dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko daga fatarta da jininta. Ba a gasa wannan, ba a matsa shi, ba a tsaga shi. A rufe shi a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita irin sana'ar da ake yi da dabbar da aka taɓa, a kuma sanar da ma'aikatan kiwon dabbobi na kasuwar.